Kasuwar Hostal Tana Ci, Ina Dokarta?

Wani dare a zangon karatun da ya wuce, 'yar yayata ta kira ni tana kuka. Tana aji uku a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na Arewa, kuma tun tana aji ɗaya take sayar da mayafai da humra da turaren wuta a ɗakinsu na hostal. Da ribar take sayen handawut, da ita take cin abinci idan kuɗin gida ya yanke, abin da ya zama ruwan dare tun da mahaifinta ya yi ritaya. A ranar an yi zagayen duba ɗakuna, aka tarar da bakko cike da kaya a ƙarƙashin gadonta, aka ɗauke, aka ce ta karya doka.

"Kawu," ta ce, "wallahi da safiyar yau ɗin nan na fito daga lakcar koyon sana'a. Malamin cewa ya yi duk wanda bai fara wani abu tun yana makaranta ba, kada ya zauna jiran aikin gwamnati."

Bayan kwana huɗu na roƙo da sa baki aka mayar mata da kayan. Ba a rubuta komai ba lokacin da aka ɗauka, ba a rubuta komai ba lokacin da aka mayar, kwalaben humra biyu kuma sun yi ɓatan dabo. Ba na ganin laifin matar da ta ɗauke kayan, domin ita ma doka aka miƙa mata aka ce ta tsare. Laifin yana wurin waɗanda suka rubuta manhaja da hannun dama, suka rubuta dokar hostal da hannun hagu, ba su taɓa zama sun karanta su tare ba.

Tun a 2006 gwamnatin tarayya ta umarci manyan makarantu su mayar da darasin kasuwanci da dogaro da kai wajibi a kan kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko Larabci. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sa shi a manhaja, kuma da ta ƙaddamar da sabuwar manhajarta a Disambar 2022, darasin yana nan daram. Jami'o'i sun gina cibiyoyi inda ake koyar da haɗa sabulu da kiwon kifi da ɗinki, a Jami'ar Bayero ma har makarantar kasuwanci guda ce take ɗauke da sunan Ɗangote. Amma a littattafan dokokin ɗalibai da na taɓa buɗawa, abin da na tarar game da ciniki bai wuce layi ɗaya ba, shi ma na hani ne: ba a saye da sayarwa a ɗakin kwana. Akwai shafuka a kan satar jarrabawa, akwai a kan ƙungiyar asiri da shigar banza da faɗa. Ɗalibin da ya ɗauki darasin sana'a da gaske, babu wanda ya gaya masa yadda zai yi ta cikin mutunci, balle abin da zai same shi idan ya cuci abokin cinikinsa.

Hanin kuwa bai hana komai ba. Duk wanda ya shiga hostal da yamma ya san kasuwa ce mai ci. Ga mai data, ga mai POS, ga mai gyaran waya da caja, ga mai kitso da lalle, ga mai zoɓo da kunun aya, ga mai dambun nama da cincin. Wata tana saro atamfa a Kantin Kwari, wani yana saro wayoyi a Farm Centre, shagonsu duka sitatus ɗin WhatsApp ne. Ba son kuɗi ne ya tura yawancinsu ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas cif, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma a zaman gidan nan ne da yawa suka koyi ɗinki ko suka fara sarin kaya. Da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya taimaka, amma naira 20,000 da yake bayarwa na ɗawainiya a wata, duk wanda ke cefane ya san inda take tsayawa.

Saboda haka tambayar ko ɗalibi zai yi sana'a ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne a fili za a yi ta ko a ɓoye. Abin da ake yi a ɓoye kuwa ba shi da mai gyara. Yarinyar da ta biya kuɗin leshi aka kawo mata wani daban, ina za ta kai kuka, alhali cinikin kansa laifi ne a idon makaranta? Idan ta je ofishin harkokin ɗalibai, ta tona wa mai sayarwa asiri, ta kuma jawo a rufe wa sauran 'yan ɗakin hanyar abinci. Sai ta haƙura, ko ta ɗauki hoton mai kayan ta watsa a gurup ɗin aji da lakabin ɓarauniya, a wayi gari mutuncin yarinya ya zube kan abin da bai wuce saɓanin launi ba. Na ga an yi haka, kuma na san ba kowace yarinya ce take farfaɗowa daga irin wannan ba.

Mu da muka tashi a gefen kasuwa mun san cewa ciniki bai taɓa tafiya babu doka ba, ko da ba a rubuta ta a takarda ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma ba 'yan sanda ne suka riƙe ta ba. Yaron shago yakan yi shekaru a gaban ubangidansa yana koyon yadda ake taya kaya, yadda ake cewa albarka ba tare da an wulaƙanta mai saye ba, da cewa idan ka ce "na sallama" to magana ta ƙare ko da wani ya zo da ƙari. Dillali ya san la'adarsa, kowa ma ya san ta. Idan rigima ta tashi, akwai shugaban layi da dattawan kasuwa, su zaunar da mutum biyu, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya saba cin amana ba a buƙatar ɗaure shi, daina ba shi kaya bashi kawai ake yi, shi ke nan ya mutu a tsaye. Tun a makarantar allo ma yaro yake haddace Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi gargaɗi mai tsanani a kan tauye mudu. Da irin wannan amanar Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano kafin ya zama sarkin gyaɗa.

Ɗalibi mai sana'a ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da ubangida, ba shi da shugaban layi, kuma abin da ke tsare ɗan kasuwa daga ha'inci, wato sanin cewa gobe ma a nan zai zauna, ba ya aiki a jami'a. Shekara huɗu ko biyar ce, a gama a watse, wani ya canza layin waya, wanda ake bi bashi ya tafi hidimar ƙasa wata jiha. Inda kunya ba ta da lokacin yin aikinta, dole takarda ta tsaya a madadinta. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin kowace jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik ta zauna ta rubuta ƙa'idar ɗalibi mai sana'a, gajeriya, da harshen da ɗan aji ɗaya zai gane, a ba shi ita ranar rajista.

Farkonta ya zama izini. Ɗalibi ya cika takarda guda, kyauta, ya faɗi abin da yake sayarwa da lambarsa ta makaranta, a ba shi shaida. A ware wuri a gefen hostal ko wata rana a mako, a faɗi lokacin da ciniki zai tsaya don masu karatu da masu barci su samu sarari, a hana girkin sayarwa da risho ko hita a cikin ɗaki, domin gobarar hostal ba abin wasa ba ce. A gaya masa cewa farashi a bayyane yake, cewa kayan da ba su zo yadda aka yi alkawari ba ana mayar da kuɗinsu, cewa bashi ana rubuta shi. Waɗannan ba su buƙatar dogon bayani, ko a kasuwar ƙauye an san su.

Inda nake so a dage shi ne wurare uku da ake fakewa da sunan sana'a ana yin ɓarna, kuma mafi muninsu rubuta wa wani kundin digiri. A kusa da kowace babbar makaranta akwai shagunan buga takardu da kowa ya san ba bugawa kaɗai suke yi ba, kuma yanzu ɗalibai da kansu sun shiga harkar, har da talla a sitatus: babi kaza kuɗi kaza, da tambayoyin bincike da amsoshinsu duka a haɗe. Mai yin wannan yakan ce ai ƙwaƙwalwarsa yake sayarwa, kamar yadda tela ke sayar da gwanintarsa. Ba ɗaya ba ne. Tela ba ya sa wa riga hannun wani ya ce shi ya ɗinka. Wanda ya sayi kundi zai karɓi takardar shaida a kan ilimin da ba shi da shi, gobe shi ne malamin 'ya'yanmu, shi ne zai duba ingancin gadar da za mu bi. Mun daɗe da dokar hukunta maguɗin jarrabawa, tun 1999, amma idanunmu suna kan ɗan takardar da aka ɓoye a safa, alhali babban maguɗin ana yin sa da rasit. Ƙa'idar ta fito fili ta raba: koyar da ɗan'uwanka darasi da kuɗi halal ne, buga masa abin da ya rubuta ko gyara masa kuskuren harshe halal ne, rubuta masa jinga ko kundi maguɗi ne, kuma hukuncinsa ɗaya ga mai saye da mai sayarwa.

Na biyu shi ne karɓar kuɗin mutane da sunan juyawa. Yaro ya fara cinikin kirifto ko canji, ya samu sau biyu, sai ya fara gaya wa abokai su kawo jari zai riƙa ba su kaso kaza duk wata. Sau da yawa ba da niyyar cuta ya fara ba, amma ranar da kasuwa ta juya masa baya, sai ya ɗauki kuɗin sabon shiga ya biya na farko, daga nan ya faɗa ramin da ba shi da fita. Kuɗin da yake nutsewa kuɗin rajistar wani ne, wanda uwarsa ta sayar da akuya ta turo. Mun ga yadda MMM ta daskare a Disambar 2016, mun ga CBEX ta rufta a Afrilun 2025, kuma kowane karo ɗalibai suna cikin waɗanda suka jawo wasu. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu irin wannan harka. Ɗan shekara ashirin da ke tara kuɗin 'yan ajinsu bai san wannan ba. Alherin da makaranta za ta yi masa shi ne ta hana shi tun kafin ya fara, baƙi da fari, ta kuma bambanta masa wannan da adashin da 'yan ɗaki ke yi a tsakaninsu, wanda kowa ya san ranar kwasarsa.

Na uku ba a cika son faɗarsa ba, domin ya shafi manya. Wakilin aji da ke sayar da handawut, kuma shi ne mai riƙe takardar sunayen waɗanda suka halarci lakca, yana da igiya a wuyan kowa. Shugaban ƙungiyar ɗalibai da ya ba shagon kansa kwangilar rigunan bikin sashe, shi ma haka. Mafi nauyi kuma malamin da ya haɗa jari da ɗalibin da yake ba wa maki, ko ya mayar da ɗalibarsa dillaliyar kayansa, ko yake karɓar kaya bashi a hannunta ya san ba za ta iya buɗa baki ta tambaya ba. Dokar da za ta ladabtar da yarinya mai humra ta yi shiru a kan wannan, ba za ta samu mai girmama ta ba. Mai riƙe da maki ko muƙami ya cire hannunsa daga cinikin waɗanda ke ƙarƙashinsa, ko kuwa ya bayyana a rubuce a ba wa wani aikin.

Akwai kuma abin da ake ci ko ake shafawa. Ba wanda zai ce mai zoɓo ta kawo lambar NAFDAC kafin ta sayar da gora goma, tsafta da ruwa mai kyau da ɗan horo daga asibitin makaranta sun isa. Amma man bilicin da ake haɗawa a bokiti a bayan ƙofa, da maganin ƙiba da na mata da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗannan a hana su kai tsaye.

To, idan an karya ƙa'ida fa? A nan ne makarantunmu suka fi tuntuɓe, domin hukunci biyu kawai suka sani, kau da kai ko kora. Rigimar ciniki tana buƙatar tsani mai matakai. Matakin farko mayar da haƙƙi, domin wadda aka cuta kuɗinta take so, ba takardar dakatarwar wata ba. Sai gargaɗi a rubuce, sai janye izinin sana'a na zango guda, sai dakatarwa ga wanda ya maimaita ko ya haɗa da maguɗi. Kora ta zama ta ƙarshen ƙarshe. A 2003 Jami'ar Harvard ta Amurka ta gurfanar da wani ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa saboda shafin da ya buɗe da hotunan ɗalibai ba da izininsu ba. An rufe shafin, ba a kore shi ba, kuma a Fabrairun 2004 ya buɗe Facebook. Ba ina yabon abin da Mark Zuckerberg ya yi ba ne, laifi ne. Ina nuna cewa ana iya tsawatar wa yaro ba tare da an karya shi ba.

Yadda ake hukuncin ma ya kai hukuncin muhimmanci, kuma ba sai mun je nesa neman darasi ba. A Fabrairun 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, jami'a ta kafa kwamiti ta kori ɗalibai da dama. Suka garzaya kotu, shari'ar da aka sani da ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar. Dalilanta biyu ne da ya kamata kowane shugaban sashen harkokin ɗalibai ya haddace: ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba, ga shi wanda ya jagoranci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, sannan zarge-zargen manyan laifuka ne waɗanda kotu ce take da hurumin yanke hukunci a kansu. Haƙƙin nan na a saurari mutum yana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Idan aka kawo shi kan ɗalibi mai sana'a, ma'anarsa a sarari take. A rubuta masa abin da ake zarginsa da shi, a ba shi kwanaki ya shirya, ya ga shaidar da aka kawo, ya zo da wanda zai tsaya masa. Wanda ya kama shi kada ya zauna a kujerar mai hukunci. Kayan da aka ƙwace a ƙirga a gabansa a ba shi takarda. Zamba da damfara ta intanet a miƙa su ga 'yan sanda ko EFCC, kada kwamitin malamai ya mayar da kansa kotu. Kuma kada a riƙe sakamakon jarrabawar ɗalibi saboda bashin da ke tsakaninsa da wani ɗalibi.

Ina so a ce kwamitin da zai fara jin ƙananan ƙorafe-ƙorafe ɗalibai masu sana'a ne da kansu, mata da maza, da malami ɗaya daga cibiyar koyon sana'a, kuma da za a ji tawa, da an gayyato wani dattijo daga shugabannin kasuwar garin ya riƙa zama da su sau ɗaya a zango. Mutumin da ya shekara talatin yana raba rigimar 'yan tebur ya san abin da littafin darasi bai sani ba, kuma yaran da suka koyi sulhunta cinikin naira dubu biyar sun koyi babban rabin kasuwanci.

Wani abokina malamin foliteknik ya ce min tsoronsa shi ne rajistar masu sana'ar za ta zama sabuwar kafar tatsa, yau kyauta, gobe kuɗin fom, jibi 'yan ƙungiyar ɗalibai suna yawo da rasit kamar masu karɓar kuɗin ƙasa. Tsoron nan na gaskiya ne, na san ƙasarmu. Amma tatsar tana nan yanzu ma, a ɓoye take. Mai sana'a a hostal tana ba da ɗan na goro don a kau da kai, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara. Idan aka rubuta a ƙa'idar cewa rajista kyauta ce, kuma duk wanda ya karɓi ko sisi ya yi laifi, aƙalla tana da layin da za ta nuna da yatsa. Ya kuma ce sana'a tana cinye karatu. Tana cinyewa, na ga waɗanda kwas ya yi ta dawo musu saboda oda. Maganin wannan mai ba ɗalibi shawara ne ya zaunar da wanda makinsa ya faɗi su duba lokacinsa tare, domin yunwa ma tana cinye karatu, kuma ta fi sana'a sauri.

'Yar yayata ba ta daina ba, ba za ta iya dainawa ba. Ta kwashe kayanta ta kai shagon wani tela a wajen get, tana biyansa duk wata don ya ajiye mata. Idan aka yi mata oda, bayan isha'i take tsallaka babban titi ta ɗauko, ta ɓoye a cikin hijabi ta shigo. Mahaifiyarta ba ta iya barci sai ta kira ta ce ta koma ɗaki. Da ta zo hutu na saya mata littafi mai layi, na ce ta riƙa rubuta wanda ya karɓa da wanda ya biya da ranar, ta kuma riƙa faɗa wa mai saye tun farko cewa abin da bai yi ba ana mayarwa. Ta juya littafin a hannunta ta ce, "To Kawu, idan na rubuta kuma aka ƙi biyana, wa zan kai wa?"